Kafin Ka Ɗauki Bulala, Buɗe Taga

 Maganar numfashi na zo da ita. Na san wani zai yi dariya, ya ce ashe har numfashi ma ya zama abin rubutawa? Abin da jariri ya iya tun ran da ya faɗo, abin da akuya ta iya ba ta taɓa shiga aji ba? Gaskiya ne, ba wanda ya koya mana. Amma mu da za mu fita daga nan mu tsaya gaban yara arba'in ko sittin, wani ma fiye, tilas ne mu san abin nan da kyau. A ganina yara da yawa suna shan bulala a kan laifin da ba nasu ba ne, na ɗakin da aka zuba su ne da iskar da ke ciki. Abin nan kuwa da mu kan yi da safe, mu ce wa yara su ja numfashi sau goma, ba shi zai raba su da wannan wahala ba.

Bari mu fara da ƙirga. Babban mutum yana zaune ba ya aikin kome, ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ko wane ja kuwa misalin rabin lita na iska. In ka tara na yini da kwana ya kai wajen lita 10,000, watau garwar kananzir fiye da 500. Tuwo sau biyu ko uku mu ke ci a rana, in miya ta yi tsululu har ƙara mu kan kai. Amma iska garwa 500 tana shiga cikinmu kullum, ba mai tambaya ko mai kyau ce.

Iskar da mu ke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In ta shiga huhu ta kan isa waɗansu 'yan ƙananan jakunkuna, miliyan 300 ko fiye, jini yana kewaye da su ta cikin jijiyoyin da suka fi gashi siranta. A nan jini ya ke ɗaukar oksijin ya kai wa jiki duka. Wani masani na Faransa, Lavoisier, shi ya nuna numfashi da cin wuta uwarsu ɗaya. Abinci shi ne itace, oksijin shi ne iskar da a ke fifita wa murhu, ɗumin jiki da ƙarfinsa su ne wutar. Wajen 1790 ya auna abokin aikinsa yana hutawa, ya sake auna shi yana taka wani abu da ƙafa, ya tarar mai aiki ya fi mai hutu cin oksijin nesa ba kusa ba. Wuta kuwa ba ta rasa hayaƙi. Hayaƙin jiki shi ne abin da a ke kira kabon dayoksaid. Jini ya kan kwaso shi ya kawo huhu, mu fitar. Iskar da mu ke fitarwa tana da shi misalin kashi 4 cikin 100, watau ninki ɗari na abin da ke cikin iskar fili.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki cikin karatun nan. Toshe hanci da baki ka yi ta ƙirga. Kafin ka kai sittin za ka ji kamar ƙirjinka zai fashe, ko wa kuma zai ce oksijin ne ya ƙare. A'a. A 1905 wani masani na Birtaniya mai suna Haldane, shi da abokin aikinsa, suka nuna hayaƙin nan ne ke riƙe da linzamin numfashi. In ya taru a jini ko da kaɗan ne, ƙwaƙwalwa ta kan ji, ta ba da umurni a yi sauri. In ya ragu ta sassauta. Watau jiki yana da nasa ma'auni, yana aiki muna farke muna barci, ba ya jiran usur ɗin malamin wasanni.

To, ku dubi abin da mu kan yi a filin taro da safe. A jera yara, a ce hannu sama, ja, saki, ja, saki, da ƙarfi, da sauri, wai muna cika musu huhu domin su fahimci lissafi. Alhali jinin yaro mai lafiya da ke tsaye ya riga ya ɗauki kashi 95 ko fiye cikin 100 na oksijin ɗin da zai iya ɗauka. Tulu ya cika, ko ka juye masa guga biyu ƙasa ce za ta sha. Abin da jan numfashi mai yawa da sauri ya ke yi shi ne ya kore hayaƙin nan fiye da kima. In ya yi ƙasa kuwa, jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa su kan tsuke. Sai ka ga yaro yana jin jiri, yatsunsa da leɓensa kamar kiyashi na bi. Duk wanda aka taɓa sa shi hura wutar jiƙaƙƙen itace da baki ya san jirin nan. Ashe abin da muka yi domin mu ƙara wa ƙwaƙwalwa, rage mata ya ke yi.

Akwai inda wannan ya wuce wasa. Yaranmu masu iyo a Binuwai, ko a kududdufan da haƙar kuza ta bari a kan tsaunukan Jos, su kan yi gasar wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Dabararsu ita ce su yi ta sheƙa da sauri kafin su nutse. Lalle su kan daɗe, gama sun kore hayaƙin da zai tashe su su fito. Amma oksijin yana ta ƙarewa ba mai gargaɗi, har yaro ya suma a cikin ruwa bai ji kome ba, 'yan'uwansa suna bakin gaɓa suna yabon jimirinsa. In malami bai koya wa yaran bakin kogi kome ba game da numfashi, ya koya musu wannan.

Ban ce a soke motsa jiki na safe ba. Miƙewa da tsayuwa sosai da jerin gwano suna da amfaninsu, su kan wartsake yaro, su koya masa bin tsari. Amma abin da ke ƙara wa mutum dogon numfashi aiki ne na gaske. Mai gudu da iyakar ƙarfinsa ya kan ja iska lita 100 ko fiye a minti ɗaya, garwa biyar ke nan da ɗoriya, ba wanda ya ce masa ja. Da yawanmu muna tsammani horo girma ya ke ƙara wa huhu. Huhu ba ya sakewa sosai. Zuciya ce ke yin ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, tsokoki kuma su ƙware wajen karɓar oksijin daga jini. Shi ya sa wanda ya yi wata uku yana kewaya fili zai hau dutse yana hira, kai kuwa kana bayansa kana haki, ko da ƙirjinka ya fi nasa faɗi. A gasar Olimfik ta 1968 a birnin Meksiko, wanda ke bisa tudu sama da mita 2,200 inda iska ba ta da nauyi, mutanen tsaunukan Kenya da Habasha suka ci manyan tseren nesa. Kipchoge Keino ya ci mita 1,500, Naftali Temu mita 10,000, Mamo Wolde kuma gudun famfalaki. A kan tudu suka girma, suka kuma yi shekaru suna gudu a can. Langa da ƙwallo da tsere da noman gonar makaranta sun fi ja-saki ɗari. Haki bayan gudu kuwa ba ciwo ba ne, jiki ne ke biyan bashi. Sai dai yaron da ƙirjinsa ke fito kamar sarewa, yana fama ya fitar da iska, wannan fuka ce ba ragwanci ba. A zaunar da shi, ya shaƙi maganinsa in yana da shi, kada a kora shi da tsumagiya.

Yanzu mu koma aji. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita kaɗai ta kan ci kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke ci yana hutawa. In aka yanke mata 'yan mintoci kaɗan ta lalace. Duk da haka lissafi mai wuya ba ya ƙara mata cin nan sai kaɗan ƙwarai, domin kullum a bakin aiki ta ke. Sabo da haka ba ƙarin iska ɗalibi ya ke bukata ran jarrabawa ba, natsuwa ya ke bukata. Tsoro ya kan sa numfashi ya yi sauri, ya tsaya a saman ƙirji, kafaɗu suna ɗagawa, zuciya tana dukan uku-uku. Jirin nan na mai hura wuta ya kan biyo baya, abin da ka haddace jiya ya gudu. Maganinsa a hankali ne, ba da ƙarfi ba. Ka ja ta hanci har ciki ya taso, ka saki sannu sannu, sakin ya fi jan tsawo, misalin sau shida a minti ɗaya, har minti biyu ko uku. Gani ya kori ji: ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunka, za ka ji bugun yana ɗan sauri in ka ja, yana lafawa in ka saki. Mawaƙanmu na sujada sun san numfashin ciki, gama wanda ya ja da kafaɗa ba ya kai ƙarshen baiti. Mai algaita ma haka, ya tara iska a kumatu yana busa, yana shaƙa ta hanci, sauti bai yanke ba.

Ku tuna da wannan ran da kuka tsaya a kan yaro da bulala a hannu kuna tambayarsa bakwai sau takwas. Dubi ƙirjinsa. Ko dai ya riƙe numfashi, ko yana sheƙa. A wannan hali ko sunan kakansa aka tambaye shi sai ya yi inda-inda. Ya san hamsin da shida sarai, zai faɗe ta a hanyar gida.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗakin kansa. Duk wanda ya je gwajin koyarwa ya san yadda aji ya kan zama in rana ta take. Kawuna suna faɗuwa ɗaya ɗaya, hamma tana yawo daga benci zuwa benci, malami yana ta ɗaga murya, daga nan sai ya ce yaran garin nan malalata ne. Kafin ya ce haka, da ya fita waje minti ɗaya ya dawo, hancinsa zai gaya masa abin da yaran ke ciki tun safe. A 1858 wani masani na Jamus, Pettenkofer, ya ce iskar ɗaki ta fara lalacewa in hayaƙin numfashi ya wuce kashi 10 cikin 10,000, ta fili kuwa misalin kashi 4 ce. Har yanzu masu gini suna aiki da ma'aunin nan nasa. Yara hamsin a ɗaki rufe su kan wuce shi tun darasi na fari bai ƙare ba. An gwada a makarantun Ingila da na Denmak, an tarar in aka ƙara shigar iska yara su kan fi sauri wajen aiki, hankalinsu kuma ya fi tsayawa. Kada wani ya ce oksijin ne ya ƙare a ɗakin, da sauransa da yawa. Tsohuwar iska ce da ta fito daga cikin mutum hamsin, ga gumi, ga zafin kwano yana saukowa daga bisa. Ni kaina da na yi barci na ƙoshi, in aka kulle ni a nan sai na gyangyaɗa.

Me ya sa tagogin ke rufe? Wata ƙarfenta ya karye aka buga mata ƙusa. Wata an rufe ta sabo da ɓarayi tun hutun bara, ba wanda ya tuna. Wata malami ne ya rufe domin kada yara su riƙa kallon masu wucewa, wata kuma an jibge littattafai a bakinta. Ko ɗaya ba dalilin da ya kai yini guda na karatun yara. Taga ɗaya ba ta isa, sai an buɗe wata a bangon da ke fuskantarta, ko ƙofa, domin iska ta sami mashiga da mafita. Tsakanin darasi da darasi a fitar da yara minti biyar su yi tsalle-tsalle, ɗaki ya sha iska. Karatun baki da waƙa da labarin ƙasa ba abin da zai hana a yi su a gindin mangwaro. Duk wannan ko kwabo ba ya ci.

Na san ba duk mai gyangyaɗi ne iska ta kayar ba. Wani bai karya kumallo ba, wani tun asuba ya ke ɗiban ruwa. Wani kuma jininsa ne ya yi ƙaranci sabo da zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko sikila, jini kuwa shi ne jakin da ke ɗaukar oksijin. Irin wannan yaro ɗan gudu kaɗan sai haki, in ka duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa za ka ga sun yi fari. Asibiti ya ke bukata. Amma ba za ka gane shi ba sai ka buɗe taga, sauran sun farfaɗo, shi bai farfaɗo ba.

Mu kanmu a ɗakunan kwana ba mu fi yaran ba. Da hunturu ya shigo sai mu rufe ko wace kafa, har da tsumma a ƙarƙashin ƙofa, mutum ashirin ko talatin, ko wa ya ja bargo ya rufe kai. In ka yi magana a ce kana so ka jawo wa mutane mura da ciwon haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, 'yan'uwa, daga numfashin wani zuwa na wani, kuma ba inda suka fi jin daɗi kamar ɗaki rufe mai cunkoso. Tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882, ta iska ya ke bi. Mutum ɗaya mai tari ya isa ya raba wa ɗaki duka. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Sanƙarau ma da rani ya kan zo, lokacin ƙura da kwanan cunkoso. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Mai jin sanyi ya ƙara riga, ya sa hula, a kau da gadonsa daga bakin taga. Amma a bar ta sama a buɗe.

Wanda ya fi duka sauri kuwa shi ne kaskon garwashi a ɗaki rufe, da janareta da a kan shigar cikin gida da dare don gudun ɓarawo. Su kan fitar da wata iska dabam, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ta fi oksijin kama jini sau 200 ko fiye, ta hau jakin ta hana shi ɗaukar kayansa. Ciwon kai, kasala, barci, shi ke nan. Gida guda su kan kwanta lafiya a wayi gari ba mai tashi, mutane su ce sammu ne ko abincin dare.

Game da ƙura, masu rufe taga suna da 'yar gaskiya. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ta ke tasowa, ta kan busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa cuta hanya. Ran da ta yi duhu a rufe tagogin gabas da arewa, a bar na ɗaya gefen. Sauran aikin na hanci ne. Tun muna ƙanana aka koya mana ta hanci aka hura wa mutum na fari rai, ba ta baki ba, likitoci kuma ba su ƙi ba. Gashin hanci da majina su kan tare ƙura, hanci ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Baki ba ya yin wannan sosai, na tuwo ne da magana, sai in gudu ya yi gudu ya kawo gudummawa. Yaron da kullum bakinsa ke sake, yana minshari da dare, yana barci da rana, kada a ce da shi wawa. Sau da yawa wani nama ne ya kumbura a bayan hancinsa ya toshe hanya, ba ya samun barcin kirki. A gaya wa iyayensa su kai shi a duba. Ƙurar da mu ke tayarwa da hannunmu kuwa ba Chadi ce ta aiko ta ba. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, kada monita ya tsaya kakkaɓe abin goge allo a kan 'yan bencin gaba.

Akwai ƙirga ɗaya da na ke so ko wane ɗayanmu ya tafi da ita. A ƙauye malamin makaranta rabin likita ne, ko ya so ko ya ƙi, za a kawo masa jariri mai tari a ce Malam duba mana. Ba ka da kayan aiki, amma kana da agogo. Bari yaron ya natsu, ka buɗe cikinsa, ka ƙirga tashinsa minti ɗaya cif. Bisa ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, in jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi 60 ko fiye, ko ɗan wata 2 zuwa shekara 1 ya yi 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya yi 40, numfashin ya yi sauri, alamar ciwon huhu ce. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja iska, abin ya yi tsanani. A kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Roƙona biyu ne ga malamanmu. Na fari, sa'ad da suka zo duba mu a gwajin koyarwa, suna ba da maki a kan rubutun allo da shirin darasi da tsabtar riga. Ina roƙo su ƙara layi ɗaya a takardar: tagogi nawa ne a buɗe sa'ad da ɗalibin ya fara darasi. Abin da a ke ba maki shi ɗalibi ya kan tuna. Na biyu, a aiko kafinta ya zaga ajujuwa da ɗakunan kwana kafin hunturu, ya cire ƙusoshin nan, ya gyara ƙarafan, ya sa waya a tagogin sama domin masu tsoron sauro da ɓarawo su rasa abin faɗi. In kuɗin kafinta ne ya yi wuya, a ba mu guduma da ƙusa ran Asabar, akwai masu hannu a cikinmu.